Zamanin Maki Shida

Kafin shekarar 2004, duk wanda ya saba kallon gasar zamiya ta gwaninta a kan ƙanƙara, a Turai ko Amurka ko Japan, ya san muryar nan da kan biyo bayan tafi. Ɗan wasa ya gama, ya rusuna wa jama'a ta kowace kusurwa, ya fita ya zauna a benci kusa da mai horar da shi yana haki, sai mai sanarwa ya fara jero lambobi: 5.7, 5.8, 5.8, 5.6, 5.9. Alƙalai tara, kowa da makinsa, kuma kusa da kowane maki ga sunan ƙasar alƙalin a allo. Sau biyu ake jerowa, na farko don wuyar abin da aka yi, na biyu don kyan yadda aka yi shi. Maki 6.0 shi ne ƙurewa. Idan aka ambace shi, zauren kan kaure da sowa. Idan kuwa wani alƙali ya yi ƙasa da makin gwanin jama'a, nan take dubban mutane sun san ko wane ne, sun san inda yake zaune, kuma sai ya sha ihu da fito har kunnensa ya gaya masa.

Wasan ba na ƙasashenmu ba ne, don haka bari a ɗan kwatanta shi. Mutum ya ɗaura takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, ya hau daskararren ruwa a cikin babban zaure, a sa masa kiɗa. Yana zamiya gaba da baya, yana wulwulawa a wuri guda, yana sarrafa ƙafa bisa kiɗan, can kuma ya yi sama ya juya sau uku ko huɗu kafin ya dira da ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Tsallen ma suna ne da su, galibi na waɗanda suka ƙirƙiro su: akwai Axel, daga Axel Paulsen ɗan Norwe, akwai Salchow, daga Ulrich Salchow ɗan Suwidin wanda ya ci zinariyar Olamfik ta maza a 1908. Babu raga, babu layin ƙarshe, babu agogon da zai ce wane ya riga wane. Mutane ne ke zaune su ce wannan ya fi wancan. Wasan da aka gina haka kuwa ba ya rabuwa da gardama, kuma a ɓangaren maza gardamar ta fi tsami, domin kullum akwai masu cewa namiji tsalle aka san shi da shi, akwai masu cewa in tsalle ne kawai me ya kawo kiɗa.

Abin da galibin 'yan kallo ba su damu su sani ba shi ne, lambobin nan ba awo ba ne. Alƙali na amfani da su ne kawai don ya jera 'yan wasa, wane a gaban wane, sannan wanda mafi yawan alƙalai suka sa a gaba shi ya ci. Saboda haka idan gwani ya yi rashin sa'ar fitowa da wuri, ko bai yi kuskure ko ɗaya ba, sai a ɗan danne makinsa don a bar wa na baya wuri. Ga kuma siyasa. Kowace ƙasa ita ke turo alƙalinta, kuma a zamanin yaƙin cacar baka mai kallo kan iya duba jerin ƙasashen alƙalai tun kafin a sa kiɗa ya ƙiyasta inda za a dosa. Zargi ne da ake yi wa kowane ɓangare, amma ya kai matsayin da hukumar wasan ta duniya, ISU, ta dakatar da alƙalan Tarayyar Sobiyet baki ɗaya na shekara guda a 1978 saboda fifita nasu.

Sai dai ba a nan gizo ya fi yin saƙa ba. Babban abin da ya daɗe yana raba 'yan kallo da alƙalai shi ne zanen dole. Kwana ɗaya ko biyu kafin wasan kiɗa, da sassafe, zaure kusan babu kowa, kowane ɗan wasa zai hau sabuwar ƙanƙara ya zana siffar lamba 8 da dangoginta da ƙafa ɗaya, ya sake bi ta kan layin daidai. Alƙalai su sauko cikin manyan riguna, su sunkuya, wasu har su durƙusa, suna duba ko layin ya karkace ko ƙarfen ya kwanta ta gefen da bai kamata ba. Har zuwa 1968 wannan zane shi ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na sakamako. Talbijin ba ta nuna shi, domin babu mai iya zaman kallonsa. Sai jama'a su cika zaure da daddare, su ga wani ya yi wasan da ya tsuma kowa, a ƙarshe a rataya wa wani daban zinariya saboda abin da ya faru jiya da safe ba a gabansu ba. Toller Cranston ɗan Kanada, wanda kuma mai zanen hoto ne, ya canza yadda maza ke motsa hannu da jiki a kan ƙanƙara, Jamusawa suna haukar sonsa, amma bai taɓa zama zakaran duniya ba. Tagulla ya samu a 1974, tagulla kuma a Olamfik ta 1976, zanen dole na janye shi baya. A Olamfik ta Sarayebo a 1984 Brian Orser, shi ma ɗan Kanada, ya zo na ɗaya a wasannin kiɗa biyun, gajeren wasa da dogon wasa, amma Scott Hamilton na Amurka ya tafi da zinariya, domin Orser na bakwai ya zo a zane. Ba a yi maguɗi ba. Doka ce haka. Amma ka je ka gaya wa wanda ya sayi tikiti. An yi ta zabtare kason zanen har aka soke shi ɗungurungum a 1990, kuma tsofaffin masu horarwa har yau suna cewa tun daga nan ƙafar yara ta daina tsabta.

Gasar da mutanen wancan zamani ba sa gajiya da labarinta ita ce Olamfik ta Kalgari a 1988, karon takwarori biyu: Brian Boitano na Amurka da Brian Orser ɗin nan, wanda a lokacin shi ne zakaran duniya, a gidansu, shi ne ma ya riƙe tutar Kanada ranar buɗe gasa. Dukansu da kiɗa mai salon soja suka fito. Boitano ya yi wasan da bai taɓa yin kamarsa ba. Orser ya ɗan yi tuntuɓe a tsalle ɗaya, can gaba kuma ya mayar da Axel mai juyi uku da rabi zuwa mai biyu da rabi. Alƙalai huɗu suka zaɓi Orser, uku suka zaɓi Boitano, biyu kuma jimillar makinsu ta yi kunnen doki. Dokar lokacin ta ce a raba da makin wuyar wasa, sai duka biyun suka faɗa wa Boitano: biyar da huɗu. Daga baya aka juya dokar, makin kyan gabatarwa ya zama shi ke raba gardama a dogon wasa. Mutanen Kanada sun yi baƙin ciki, amma abin lura shi ne kowa ya gane yadda aka yi aka sha kaye. Biyar ta fi huɗu. Ko yaro ya san wannan.

Ba kullum lissafin ke fita sarai haka ba. A gasar Turai ta 1997 a Paris, allo ya nuna Viacheslav Zagorodniuk na Yukren a na biyu, Philippe Candeloro na Faransa a na uku. Sai ɗan wasan ƙarshe ya fito, wanda bai ma shiga cikin ukun farko ba, amma jerin da alƙalai suka yi masa ya birkita adadin rinjaye, Candeloro ya haye na biyu, Zagorodniuk ya sauko na uku, alhali dukansu sun riga sun cire takalmi. Hukuma ta yi wa tsarin kwaskwarima, aka ci gaba.

Shekarar 2002 ce ta zama ƙarshen zamanin, kuma abin mamaki a ita ce maki shida ya yi rawarsa mafi kyau a ɓangaren maza. Alexei Yagudin da Evgeni Plushenko 'yan Rasha ne, malami ɗaya ya rene su, Alexei Mishin, a birnin Sant Pitasbag, har Yagudin ya ga kamar an fi son ƙaramin, wato Plushenko, ya tattara ya koma wurin Tatiana Tarasova a 1998. Masoyansu suka rabu gida biyu, gaba mai tsanani, wadda wasu ba su ajiye ba har yau. A Olamfik ta Salt Lake City Plushenko ya faɗi a gajeren wasa, Yagudin kuwa ya wuce babu tangarɗa, alƙalai huɗu suka ba shi 6.0 a dogon wasa, babu wanda ya yi musu. Amma a makon nan dai, a gasar mace da namiji, an ba 'yan Rasha Berezhnaya da Sikharulidze zinariya da biyar da huɗu a kan 'yan Kanada Salé da Pelletier. Zaure ya ɗauki ihu, masu sharhi a talbijin ɗin Amurka da Kanada suka hura wutar, sai ga labari cewa alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce an matsa mata lamba. Cikin 'yan kwanaki aka ba 'yan Kanada zinariya ta biyu, daga baya kuma aka dakatar da ita da shugaban hukumar wasan ta Faransa, Didier Gailhaguet, shekara uku-uku. Wannan ne karon da ihun 'yan kallo ya canza sakamako, kuma shi ya kashe tsarin da ya ba su damar yin ihun.

A 2004 ISU, ƙarƙashin Ottavio Cinquanta ɗan Italiya, ta amince da sabon tsari. Yanzu kowane tsalle, kowace wulwulawa, kowane jerin taku yana da farashinsa a rubuce. Akwai wani ƙaramin kwamiti na ƙwararru da ke duba bidiyo ya ce wannan tsallen kaza ne, juyinsa ya cika ko bai cika ba. Alƙalai kuma su ƙara ko su rage bisa tsabtar aikin, da farko daga uku ƙasa zuwa uku sama. Sannan su ba da wani maki daga 0 zuwa 10, da farko a fannoni biyar da suka shafi iya zamiya, haɗa motsi da motsi, tsarin wasan da bin kiɗa. A jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa sauran. Bayan gasa a fitar da takarda mai ɗauke da komai, layi-layi.

A takarda wannan ci gaba ne, kuma ni ma ina ganin ci gaba ne. Amma an yi hasarar abu biyu. Na farko, lambar ta daina magana. Mai sanarwa ya ce 154.32, sai zaure ya yi tsit na ɗan lokaci, kowa na jiran allo ya nuna matsayi kafin ya san tafi zai yi ko ihu. Na biyu ya fi muni: don wai a kare alƙalai daga matsin ƙasashensu, aka ɓoye sunayensu. Kwamfuta ta riƙa cakuɗa layukan makin, a shekarun farko har ƙuri'a take jefawa ta zaɓi waɗanda za a lissafa nasu. Wato an kama alƙali da laifi, sai aka yi maganin abin ta hanyar hana kowa sanin abin da kowane alƙali ya rubuta. Mai kallo da ransa ya ɓaci ya rasa wanda zai yi wa ihu.

Olamfik ta Bankuba, 2010. Nan ne sabon tsarin ya gamu da babbar jarrabawarsa. Plushenko, wanda ya ci zinariya a Turin a 2006 ya tafi hutu, ya dawo yana neman ta biyu. Bayan gajeren wasa mutum uku ne a cunkushe: Plushenko 90.85, Evan Lysacek na Amurka 90.30, Daisuke Takahashi na Japan 90.25. Plushenko ya yi tsalle mai juyi huɗu, sauran biyun ba su yi ba, tazarar kuwa ba ta kai maki ɗaya ba, don haka tun daga daren gunaguni ya fara. A dogon wasa Lysacek bai ko gwada mai huɗu ba. Ya yi komai tsaf, ya tura mafi yawan tsallensa zuwa rabin wasa na biyu, inda doka ta ƙara kashi 10 cikin 100 saboda gajiya, ya cika duk sharuɗɗan wulwulawa da taku. Plushenko ya buɗe da mai huɗu haɗe da mai uku, bai faɗi ba, amma dirarsa a wurare da dama a karkace take, kuma ya zuba manyan tsallensa tun da fari. Sakamako: 257.67 da 256.36. Tun 1994 ba a ga namijin da ya ci zinariyar Olamfik babu tsalle mai huɗu ba.

Rasha ta ɗauki zafi. Plushenko, da aka kira shi karɓar azurfa, sai da ya fara taka matakin na ɗaya kafin ya sauka nasa. Ya gaya wa 'yan jarida cewa wasan maza babu mai huɗu rawa ce kawai. Vladimir Putin, yana firaminista a lokacin, ya aika masa saƙo cewa azurfarsa daidai take da zinariya. Elvis Stojko na Kanada, tsohon gwanin tsalle mai azurfar Olamfik biyu, ya rubuta cewa a daren nan aka kashe wasan. Masoyan Plushenko suka tono labarin wani alƙali Ba'amurke, Joe Inman, da ya aika wa abokan aikinsa saƙo kafin gasa yana jan hankalinsu ga ƙarancin haɗin motsi a wasan Plushenko, suka ce ai an shirya abin tun a gida. A gefe guda kuma mutanen da ke cikin zauren wani abu daban ya dame su: Johnny Weir na Amurka ya yi wasa mai kyau, aka ajiye shi na shida, suka yi ta ihu har shi da kansa ya riƙa yi musu alamar su yi haƙuri.

Duk wanda ya buɗe takardar makin daren zai ga abin da ya saɓa wa labarin da aka yi ta yaɗawa. An ce salo ya kayar da ƙarfi. To amma a makin salo mutanen biyu daidai suka samu a dogon wasa, 82.80 kowannensu. A makin aikin ƙafa da tsalle ne Lysacek ya wuce. Shi da malaminsa Frank Carroll sun karanta dokar sun bi ta sawu da ƙafa. Plushenko ya yi wasa kamar har yanzu ana 2002, lokacin da babban tsalle ɗaya a farko ke saye zuciyar alƙali. A ganina Lysacek ya ci halal. Amma masu ƙorafi ma ba banza suke ba, domin farashin mai huɗu bai kai kasadarsa ba, kuma hukumar da kanta ta amsa haka bayan 'yan watanni: ta ɗaga mafi sauƙinsa daga 9.8 zuwa 10.3, ta kuma sassauta hukuncin wanda juyinsa ya ɗan gaza.

Ƙorafi na gaba a kan Patrick Chan na Kanada ya sauka, kuma shi ne wanda na fi jin tausayi a duk labarin nan. Masana wasan kusan bakinsu ɗaya cewa da wuya a sami wanda ya kai shi iya zamiya kanta: taku biyu ya ratsa zaure, ƙarfen takalminsa na kwanciya sosai a kwana, gudu babu ƙara. Irin wannan gwaninta talbijin na danne ta. Abin da talbijin ba ta dannewa shi ne faɗuwa, Chan kuwa yana faɗuwa kuma yana ci. A gasar duniya ta 2012 a birnin Nis na Faransa ya faɗi, ya doke Takahashi wanda jama'a ke so, aka yi masa ihu har wurin rataya lamba. A 2013, a London ta Kanada, ya kafa tarihi da 98.37 a gajeren wasa, sannan a dogon wasa ya buɗe da masu huɗu guda biyu, daga nan komai ya kwance, ya faɗi sau biyu. Wani yaro ɗan shekara 19 daga Kazakistan, Denis Ten, wanda ba a sa shi a lissafi ba, ya fito ya yi wasan rayuwarsa, ya ci dogon wasan. Jimilla: Chan 267.78, Ten 266.48. Masoya suka tara sa hannu a takardar koke, tsofaffin zakaru suka yi ta magana, aka laƙaba wa Chan cewa alƙalai ke hura masa maki.

Bahaushen da ya saba da kokawar takobi a Nijar, inda da zarar mutum ya sha ƙasa magana ta ƙare, zai fahimci fushin nan ba sai an yi masa bayani ba. A lissafin ƙanƙara na lokacin kuwa faɗuwa maki ɗaya take ci, sai abin da alƙalai suka rage, amma muddin juyin ya cika farashin tsallen na nan. Laifin ba na Chan ba ne, shi ba ya ba kansa maki. Laifin yana wurin makin salo. Fannoni biyar ɗin nan an ce kowanne a auna shi daban, amma alƙalai kan tafi da su tare, in ɗaya ya yi sama duk su bi, domin hukuma na tuhumar alƙalin da makinsa ya yi nisa da na sauran, don haka kowa ya gwammace ya rubuta abin da yake zaton 'yan uwansa za su rubuta. Ta haka suna da tarihi suka sake shigowa ta bayan gida, wannan karon sanye da ɗigo da lambobi biyu a bayansa. Mutumin da ya faɗi sau biyu bai kamata makin gabatarwarsa ya zauna inda yake ba. A daren nan Ten ya kamata a ba. Ten ya samu tagulla a Olamfik ta Sochi a shekarar da ta biyo baya, kuma a watan Yulin 2018 wasu ɓarayin madubin mota suka daɓa masa wuƙa a Almati, ya rasu yana da shekara 25.

A Sochi ɗin ne Yuzuru Hanyu na Japan ya zama na farko da ya haura maki 100 a gajeren wasa, da 101.45. Shi ma ya faɗi sau biyu a dogon wasa, ya kuma ci zinariya, amma ba a yi ihu ba, don Chan da ke biye da shi ya yi ta tuntuɓe. Da Hanyu ne irin 'yan kallon ya canza. Orser na Kalgari shi ke horar da shi a Toronto. Dubban masoyansa, galibi mata daga Japan da Sin da sauran wurare, suka riƙa bin sa ƙasa-ƙasa suna saye tikiti. Saboda an saba ganinsa da akwatin hankici mai siffar Winnie the Pooh, da ya gama wasa sai ruwan 'yan tsana masu launin ɗorawa ya rufe ƙanƙara, ƙananan yara su yi ta kwasa, daga baya a raba wa yaran garin. A 2018 ya sake cin zinariyar Olamfik a Koriya ta Kudu, abin da babu namijin da ya yi tun bayan Dick Button a 1948 da 1952.

Waɗannan masoya ba masu ihu ba ne, masu bin diddigi ne. Kafin ɗan wasa ya koma masauki sun sauke takardar maki, sun rage gudun bidiyo, suna ƙirga ko ƙafar abokin hamayya ta fara juyi tun a ƙasa kafin ya tashi, suna kwatanta abin da aka ba wane a watan jiya da abin da aka ba wane yau. Da Nathan Chen na Amurka ya fara doke Hanyu, har a gidansu a Saitama a 2019, ƙorafinsu shi ne makin salon Chen na hauhawa ne tare da yawan tsallensa. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma son kai, don Chen ya fi tsayawa da ƙafarsa a ranakun. Wasu sun wuce gona da iri har da zagin yaran da laifinsu kawai sun yi nasara. Amma sun samu makamin da na da ba su da shi. A 2016 an daina ɓoye sunayen alƙalai, kuma bayan Olamfik ta 2018 an dakatar da wata alƙaliya 'yar Sin shekara biyu saboda makin da ta zuba wa ɗan ƙasarta Jin Boyang, abin da kowa ya gani a takarda.

Ita kuwa gardamar Bankuba juyewa ta yi. Waɗanda suka nemi a biya mai huɗu haƙƙinsa sun samu fiye da abin da suka roƙa. Chen ya jera shida a dogon wasa guda a 2018. Hukuma ta tsorata, a shekarar ta rage farashinsu, ta rage tsawon dogon wasan maza daga minti huɗu da rabi zuwa huɗu, ta cire tsalle ɗaya, ta faɗaɗa ƙari da ragi zuwa biyar-biyar, duk da haka tseren bai tsaya ba. Daga nan kukan ya koma na masu son Jason Brown na Amurka, wanda zaure kan miƙe masa tun bai gama ba, amma da yake mai huɗu ba ta zauna masa ba, na shida ya zo a Olamfik ta Beijin a 2022. A can ne Hanyu ya gwada Axel mai juyi huɗu da rabi ya faɗi, ya zo na huɗu. Bayan wata bakwai Ilia Malinin, ɗan shekara 17, ya dira ta a Lake Placid. Farashinta 12.5 ne, maki ɗaya tak sama da tsallen Lutz mai huɗu, sai ga masoyan Hanyu da na Malinin, waɗanda ba sa ga maciji, sun haɗu a kan cewa an yi mata rowa.

Akwai kuma abin da jama'a ke so wanda bai taɓa shiga lissafi ba. Terry Kubicka na Amurka ya yi alkafura ta baya a Olamfik ta 1976, hukuma ta haramta ta jim kaɗan bayan haka, ta zama abin da ake yi a wasan nishaɗi kawai. A gasar Turai ta 2024 a Kaunas, Adam Siao Him Fa na Faransa ya ga tazararsa ta isa, ya yi ta da gangan a tsakiyar gasa, aka cire masa maki biyu, zaure ya ɓarke, ya kuma ci zinariyarsa. Ya maimaita a gasar duniya a Montiriyal, inda ya taso daga na 19 ya ɗauki tagulla. A watan Yunin shekarar ISU ta ɗage haramcin, sai dai ba ta sa wa alkafurar farashi ba: mai yi ba a rage masa, ba a kuma rubuta mata nata makin. Malinin da wasu suka shigar da ita wasansu tun kakar da ta biyo baya.